Tsohuwar Fijo mai sitiyari a dama

Da fatan jarrabawar zangon nan ta zo da sauƙi. Tunda hutu ya ƙarato, yau ba za mu taɓa littafin karatu ba, wata sana'ar banza zan koya muku. Abokaina ne suka sa mata wannan suna, ni ban yarda ba.

Duk lokacin da zan hau mota zuwa makaranta ko komawa gida, kujerar bakin taga nake nema, ko da hakan zai sa in ƙara zaman awa guda a tasha. Tsofaffin motoci nake farauta. Ina da ɗan littafi mai jan bango da nake rubuta duk wadda na gani, tun ina aji biyu na babbar sakandare, kuma yanzu akwai mota sittin da 'yan kai a ciki. Sabuwar mota ba ta shiga littafin nan komai tsadarta. Jif ɗin da ke wucewa da jiniya kowa ya gan ta, gobe ma za a ga wata. Wadda nake nema ita ce wadda idan ka wuce ta yau, mai yiwuwa ba za ka sake ganin irinta ba har ka tsufa.

Bara, a farkon zangon karatu, mai adaidaita sahun da na hau ya ratsa wani lungu a Tudun Wadar Zariya don ya kauce wa cunkoso. A ƙofar wani gida mai zaure, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, na hango mota an ɗora ta kan bulo. Bayanta na fara gani, gefe da gefe ya ɗaga ya yi tsini kamar fiffike, fitilun baya a tsaye. Na ce wa direba ya sauke ni. Ya ce ai ba mu iso ba, na ce na sani.

Peugeot 404 ce, wato Fijo a bakin iyayenmu. Fentinta ruwan madara ne da, amma rana da kashin tsuntsaye sun gama da shi. Ganyen darbejiya ya cika bakin gilashin gaba, wata akuya ta miƙe a ƙarƙashi tana tuƙa. Fitilun gaba kewayayyu, ɗaya a fashe. Zakin kamfanin yana nan a hancinta. Ina cikin rubutu sai na ji an yi gyaran murya daga tsallaken hanya, inda wani dattijon bakanike yake wanke kafireto a cikin kwano.

Na ƙarasa na durƙusa. “Sannu da aiki, Baba.”

“Yawwa samari. Saya za ka yi?”

“A'a Baba, kallo kawai nake yi.”

“To in kallo ne, me ka gani?”

Na zayyana masa: 404 ce, ƙofa huɗu, giyarta a jikin sitiyari. Ina ta jin kaina. Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, ba ka ga komai ba. Koma ka leƙa, amma kada ka taɓa. A wane gefe direba yake zama?”

Na koma na leƙa ta gilashin da ƙura ta rufe. Sitiyarin a hannun dama yake.

Wataƙila wasunku su ce to sai me? Ku duba kowace mota a titinku, direba a hagu yake zama, motar kuma tana bin hannun dama na titi. Ba haka aka fara ba. Turawan Ingila sun bar mana tsarinsu na bin hannun hagu, direba a dama, kuma a haka aka yi tuƙi a ƙasar nan har shekara goma sha ɗaya da rabi bayan samun 'yancin kai. Sai ranar Lahadi 2 ga Afrilu, 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta koma hannun dama. Dalilin a fili yake: Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey, wadda yanzu ake kira Benin, duk hannun dama suke bi, don haka direban da ya ɗauko kaya daga Kano zuwa Damagaram sai ya sauya hannu a kan iyaka. Ghana ma ta bi sahu a 1974. Baba ya ce a lokacin yana yaron gareji, kuma ya tuna yadda aka yi ta shela a rediyo, direbobi suna tafiya a hankali kamar masu koyo, musamman a shataletale, inda hannu kan so ya koma inda ya saba.

Daga nan sai abin ya zama kamar lissafi. Sitiyari a dama yana nuna an sayo ta kafin Afrilun 1972. Kamfanin haɗa Fijo na Kaduna kuwa sai 1975 ya fara aiki, ke nan wannan ba 'yar Kaduna ba ce, daga Faransa ta zo a jirgin ruwa. An fara ƙera 404 a 1960, saboda haka shekarar haihuwarta tana tsakanin 1960 da 1972. Na sake leƙawa na ga agogon gudunta da mil yake lissafi, ba kilomita ba. A bayanta kuma akwai tsohuwar lamba baƙa mai farin rubutu, irin ta kafin a kawo lambobin yanzu a 1992. Alama uku duk sun nuna hanya ɗaya. Ku lura da wannan, don alama ɗaya ba ta isa hujja. Akwai motocin da aka shigo da su daga Ingila ko Japan daga baya da sitiyarinsu a dama, akwai kuma tsofaffin da bakanike ya mayar musu da shi hagu. Sai alamu sun taru sannan za ka rubuta da biro. Kafin nan, fensir.

Baba ya ce mai motar ya daɗe da rasuwa, amma tsohon direbansa yana raye, yana zuwa hira garejin duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Shi ne ya tuƙo ta daga Legas tana sabuwa. “Ka zo ka ji daga bakinsa,” in ji shi, “ya fi ni sanin ta.” Na ce in Allah Ya yarda Juma'a mai zuwa. Zan dawo kan wannan alƙawari.

Tunda Fijo ce za ku fi cin karo da ita, bari mu daɗe a kanta. Uku ne manyan: 404, 504 da 505. Kun ji siffar 404. Ita 504 fitilunta na gaba ba kewayayyu ba ne, masu kusurwa huɗu ne da suka ɗan karkace, but ɗinta kuma ya tafi ya karyo ƙasa kamar an danna shi da hannu. Da wannan karyewar ake gane ta tun daga nesa. An fito da ita a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, shi ne ma ya zana 404. Ita kuwa 505, wadda ta fito a 1979, ta fi su faɗi da santsin jiki, kuma ita ce ta ƙarshe a motocin Peugeot da tayoyin baya ke tura su.

Ga abin da ke ba ni mamaki game da 504. A Turai an daina ƙera ta a 1983, amma Kenya ta ci gaba har 2004, Kaduna kuma har 2006. Ma'ana 504 da ka gani a tasha tana iya girmar mahaifinka, tana kuma iya zama sa'ar yayanka. Siffa kaɗai ba za ta gaya maka ba, sai ka tambaya. Me ya sa ta daɗe haka a wurinmu? Ƙasanta a ɗage yake, shokozobanta suna da dogon zango don haka tana haɗiye rami, injinta kuma ba shi da wata kwamfuta, duk bakaniken ƙauye zai iya kwance shi ya mayar da sifana da sukundireba. Ba a baki aka tabbatar da ƙarfin nan ba. A gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, inda ake gudu cikin taɓo da duwatsu, 404 ta yi nasara a 1963, 1966, 1967 da 1968, 504 kuma ta ci a 1975 da 1978.

Kamfanin Kaduna, wanda ke Kakuri, shi ma yana da labarin da ba a koya mana a aji. Sassan motar daga Faransa aka riƙa kawo su ana haɗawa a nan. A shekarar da ya fara aiki, tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, jirgi kan yi watanni yana jiran a sauke shi. Sai aka riƙa ɗauko sassan Fijo a jiragen sama na kaya daga birnin Lyon zuwa filin jirgin Kano, daga nan a kai su Kaduna. Ku yi tunanin wannan idan kun ga tsohuwar 504 cike da buhunan albasa: wataƙila ƙofarta da injinta sun taɓa ratsa Sahara ta sama. Bayan 1976 kuma, gwamnatin Janar Obasanjo ta ce manyan jami'ai su rage ƙawa, 504 ta zama motar gwamnati. Shi ya sa kakanninku ke kallonta da wani irin girma da ku ba ku gani.

Wani ɗan ratse. Kun lura duk sunayen suna da sifili a tsakiya? 403, 404, 504, 505, 406. Kamfanin ya riƙe wannan tsari a matsayin nasa. Lokacin da Porsche na Jamus ya fito da wata mota ya sa mata 901, Peugeot ya ce bai yarda ba, dole aka mayar da ita 911 a 1964. Motar tseren da ta shahara a duniya da wannan suna, rigimar sifili ce ta raɗa mata shi.

To amma ba kowace tsohuwa ce abin nema ba. Doguwar 504 mai layin kujeru uku, da a-kori-kura mai ɗaukar kaya, har yanzu suna aiki a hanyoyin ƙauye, ka rubuta su ka wuce. Wadda za ta sa ka sauka daga mota ita ce 504 mai ƙofa biyu, gajera mai kwantaccen rufi, ko 'yar uwarta mai buɗaɗɗen sama. Waɗannan a Italiya aka yi jikinsu tun daga 1969, kuma ba su yi kama da 504 da kuka sani ba, sai ka karanta lambar jikinta za ka yarda. Akwai kuma wadda wani ƙaramin kamfanin Faransa mai suna Dangel ya ɗaga ta sama ya sa duk tayoyinta huɗu suna ja. Duk cikinsu ban taɓa yin ido biyu da ko ɗaya ba, na dai bar musu shafi.

Sai Volkswagen Beetle. Ma'anar sunan da Turanci ƙwaro ne irin buzuzu, Yarbawa kuma suka ce Ijapa, wato kunkuru, kuma duk wanda ya ga bayanta zai ce sun yi gaskiya. Ita kunne ke fara gane ta kafin ido, saboda ƙararta daban ce. Injinta a baya yake, ba ta da lagireto, ba a zuba mata ruwa. Fanka ce ke hura iska kan injin tana sanyaya shi, don haka idan bel ɗin fankar ya tsinke dole direba ya tsaya nan take. 'Yan ajin kimiyya, ga darasin yadda zafi ke fita daga ƙarfe yana yawo a titi. Akwai tsohuwar barkwanci ta mutumin da ya buɗe gabanta ya ga wayam, ya ɗora hannu a ka yana ihu an sace masa inji. An ƙera fiye da miliyan 21 daga cikinta, ta ƙarshe ta fito daga kamfanin Puebla a Meziko ranar 30 ga Yuli, 2003. A Legas ma an haɗa ta daga 1975. Idan ka samu ɗaya, zagaya ka dubi gilashin baya. In babba ne mai faɗi, ta bayan 1957 ce, kuma duk 'yan Legas haka suke. In ƙarami ne mai siffar ƙwai, tsakanin 1953 da 1957 aka yi ta. In kuwa ƙarfe ya raba shi gida biyu, ta girmi haka, kuma ka ga abin da masu tara motoci a Turai ke rububi a kansa.

Kamfanin Legas ɗin ya haɗa wata da ta fi Beetle wuyar gani yanzu. Asalinta daga Brazil ne, can ana kiranta Brasília, amma a nan aka sa mata suna Igala. Jikinta mai kusurwa ne kamar akwati, injinta kuwa irin na Beetle, a baya, mai shan iska. Sau ɗaya na taɓa ganinta, a bayan wani gareji a Funtuwa, an mayar da ita ɗakin ajiye tsofaffin tayoyi. Ita ce lamba 34 a littafina, kuma har yau ita nake fara nuna wa mai yi mini dariya.

Marsandi kuwa ita da kanta take gaya maka sirrinta, in ka iya karatu. Lambar da ke kan but yawanci girman injin ne: 200 lita biyu, 230 lita 2.3, 280 lita 2.8. In ka ga harafin D a gaba, gas take sha, ba fetur ba. Mai kewayayyun fitilu cikin gida mai kusurwa, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, ita ce ta alhazan da. Wadda ta gaje ta ita ake kira V-boot saboda yankan murfin but ɗinta. Mafi shahara a tsofaffin Marsandin ƙasar nan kuwa ba a titi take ba. Baƙar motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas, da hudojin harsasai a jikinta. Duk wanda Allah Ya kai shi Legas, ya roƙi a kai shi. Ita kam an adana ta saboda wanda ya mutu a ciki. Sauran babu mai adana su.

Kada ku raina manyan motoci ma. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 an kafa kamfanonin haɗa su: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu. Tsohuwar tarakta da aka yasar a sakatariyar ƙaramar hukumarku tana iya zama 'yar Bauchi. Ku da ke bakin iyaka kuma, Jibiya, Maigatari, Illela, Kongolam, kun fi mu sa'a, domin Nijar Faransa ce ta mulke ta, motocin da suka shiga can ba duka ne suka shigo nan ba. Ku sa ido kan 'yar ƙaramar Renault 4 mai giya a jikin dashbod kamar mariƙin lema. Ni burina Citroën DS, wadda aka fito da ita a 1955. Idan tana ajiye sai ta zauna dab da ƙasa, da an tayar da inji kuma ta ɗago a hankali kamar raƙumi, saboda matsin mai da iska ne ke riƙe da ita maimakon sifirin.

Yanzu yadda ake yin abin. Littafi da fensir sun isa, waya ba dole ba ce, ni ma shekara biyu na yi ban da ita. Rubuta rana da unguwa, sunan mota da lambar ƙirarta, launi, yawan ƙofa, gefen da sitiyari yake, inda giya take, da ko tana tafiya ko ta kwanta. In ka iya zane, zana fitilun gaba da na baya, don su ne suka fi bambanta ƙira da ƙira. Launin rubutun lamba ma bayani ne: shuɗi ta gida, ja ta haya, kore ta gwamnati. Lambar kanta ban cika kwafe ta ba, kuma ko na ɗauki hoto ba na sa ta a Facebook, domin dukiyar wani ce. Wuraren da suka fi albarka su ne bayan tsofaffin gareji, tsofaffin rukunin gidajen ma'aikata, tashar motocin ƙauye ranar kasuwa, da ƙofar gidajen tsofaffin 'yan kasuwa a cikin birni.

Sai dai abin da ya fi komai daraja a shafin shi ne abin da mai motar ya faɗa, kuma ba a samun wannan sai da ladabi. Yi sallama, gaida mutane, faɗi sunan makarantarku da abin da ya kawo ka kafin ka fito da littafi. A wannan zamani na rashin tsaro, yaron da aka gani yana zagaya motar mutane yana rubuce-rubuce ba tare da ya yi magana da kowa ba, ɓarawo za a ɗauke shi ko ɗan leƙen asiri, kuma taron jama'a ba ya tsayawa sauraron bayani. An taɓa riƙe mini riga a wata tasha saboda haka, sai da wani ɗan kamasho ya karanta littafin shafi-shafi aka sake ni. Laifina ne, ban gaida kowa ba. Kada ka ɗaga waya kusa da bariki, shingen jami'an tsaro ko banki, ko da motar Sarkin Ingila ka gani. Ku tafi ku biyu, a gida a san inda kuka nufa, kuma ko an gayyace ku cikin gida ko bayan gareji, ku tsaya a inda mutane ke ganinku. 'Yan mata, wannan farauta ba ta maza kaɗai ba ce. Ƙanwata ce ta gano mini Datsun 120Y a hanyar Islamiyyarsu, ta zo ta zana mini fitilunta a bayan littafin Tajwidi. Ku dai ku tafi da yayanku ko ƙawa.

Magana ɗaya kuma da ba wasa a cikinta: kada ka shiga motar da aka yasar. Maciji da kunama da rina suna son irin wurin, tsatsa tana yanka, amma mafi muni ita ce ƙofa. Tsohon makulli kan rufe ya ƙi buɗuwa daga ciki, mota a rana kuma tanda ce. Mun sha jin labarin ƙananan yara da suka shiga irin wannan mota suna wasa, aka yi ta nemansu, aka same su bayan rai ya yi halinsa. In akwai irinta a layinku, ku ja kunnen ƙannenku yau, ku kuma gaya wa babba a ɗaure ƙofofin ko a cire su.

Mu koma kan alƙawarina da Baba. Juma'ar farko an sa mana gwaji ranar Asabar, na ce sai ta gaba. Ta gaba aka yi ruwa. Daga nan aikin rukuni, sai jarrabawa, sai hutu. A raina ina cewa motar da ta yi shekaru a kan bulo ina za ta je? Sai bayan wata uku da 'yan kwanaki na sake bin lungun, da sabon biro da tambayoyi goma sha biyu da na tsara.

Darbejiya tana nan, bulo huɗu suna nan, da tabon baƙin mai a ƙasa. Akuyar ma tana kwance a wurin, a fili.

Baba bai ɗago kai daga aikinsa ba ya ce, “Ɗan makaranta, sai yau? A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.” Ya ce magada ne suka zo rabon gado, mota kuma ba ta rabuwa gida tara. 'Yan gwangwan suka zo da tukunyar gas da sikeli. Tsakanin hantsi da la'asar suka yanka ta, suka auna, suka loda. Ƙarfen za a narka a yi rodin gini, sassan alminiyon kuma wataƙila yanzu tukwane ne a wani gidan biki.

Na ji haushi, amma da na zauna na rasa wanda zan ba laifi. Magadan suna da kuɗin makaranta da na asibiti a gabansu, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya ce musu abin da ke ƙofar gidansu yana da wata daraja da ta wuce nauyinsa a sikeli. Masu gwangwan abincinsu suke nema. Haka motocin nan ke tafiya ɗaya bayan ɗaya a kowane gari, kuma ƙarfe yana tsada, don haka saurin tafiyar ƙaruwa yake yi. Ni da ku ba mu da kuɗin sayensu. Abin da muke iyawa shi ne mu rubuta cewa sun taɓa kasancewa, a ina, a hannun wa, suka ɗauki me.

Na tambayi tsohon direban. Baba ya ce ƙafa ta matsa masa, 'ya'yansa sun zo sun tafi da shi garinsu tun kafin azumi, bai kuma san garin da sunan unguwa ba, shi dai ya san Juma'a yake zuwa. Sannan ya jawo akwatin sifanunsa ya juya mini murfin. Zakin da ke hancin motar ne, ya ɗaure shi da waya. Ya ce ya roƙi masu yankan suka bar masa. Na ce ko zai sayar mini, ya ce in bari sai ya mutu in zo rabon gado.

Shafi na 58 a littafina rabi ne. Akwai launi, akwai sitiyari a dama, akwai agogon mil da baƙar lamba. Wurin da na bari don labarin tafiyarta daga Legas, kwana nawa suka yi, ta ina suka ƙetare Kwara, amare nawa ta kai ɗaki, duk fari ne.

Ga aikin hutunku. Kowa ya nemo tsohuwar mota ɗaya a garinsu, ya gaida mai ita, ya yi masa tambaya uku: yaushe ta zo hannunsa, ina ne mafi nisa da ta taɓa zuwa, me ya kwantar da ita. Ku aiko wa wannan fili da abin da kuka samo tare da sunan makarantarku, za mu buga waɗanda suka fi cika. Wanda ya kawo 504 mai ƙofa biyu ko Beetle mai rababben gilashi, ni da kaina zan hau mota in zo in gani. Ni ma an kwatanta mini wata Beetle a bayan wani masallaci a Samaru, Asabar ɗin nan da safe zan je.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.